Igiyar Da Muka Kwance

Shafi na 14

Masu turo saƙo suna cewa na cika jan rai, na ji, kuma ban musa ba. Sau uku ina fara rubuta shafin nan ina kife wayar. Wanda iyayensa ke raye ya kira su kafin ya karanta. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya kai haske kabarinsu.

*

Ana kiran azahar motar kwasar kaya ta bar ƙofar gidanmu, an labta mata kaya har tana rangaji. Kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar Mama. Abin da ta yi shekara arba'in tana tarawa, ni da Yaya mun kwashe shi a yini ɗaya da rabi.

Mu biyu kaɗai Allah ya ba iyayenmu, kuma Yaya ce babba, don haka ita ke tsara komai. Tun muna yara Baba ke kiranta Duba-gari, saboda ko tsinke ta gani a ƙasa sai ta binciko wanda ya yar da shi. Ni kuwa Likita yake ce mini, ko da yake nas ce ni, a wani asibiti mai tafiyar awa biyar daga gida.

Dabarar ta Yaya ce. Jibi za ta koma bakin aikinta, ni ma hutuna saura kwana huɗu. Ta ce in muka bar kayan Mama, kullum Baba zai riƙa ganinsu yana tuna ta, gara ya fita ya dawo ya tarar da gida fes. Ta roƙi Kawu, ƙanin Mama, ya zo jiya da safe ya ɗauki Baba ya kwana a wurinsa. Baba ya ce ba ya son zuwa. Sau uku ya faɗa. Yaya ta ɗora masa hula, ni na rataya masa jakar da na haɗa, muka riƙe shi har mota muna cewa ai fitar za ta ɗebe masa kewa.

Yanzu ga mu a falo, Yaya na goge tayil karo na uku, ni ina zaune a hannun kujera ina kallon ɗakin da na girma a ciki kamar baƙuwa.

"Ɗaga ƙafa," ta ce.

Na ɗaga.

"Kin ga yadda falon ya yi faɗi? Ashe haka tayil ɗin nan yake da kyau. Allah ya jiƙan Mama, amma wajen tara tarkace ba ta da na biyu. Gutsattsarin kafet kala bakwai na naɗe a gidan nan. Wani mai kaushi, wani mai laushi, duk ta jera su a ƙasa kamar layin dogo."

"Tana son abinta, Yaya."

"Igiyar shanyar fa? Wa ke ɗaura igiyar shanya a baranda, inda rana ba ta shiga? Ga ƙulli-ƙulli a jiki sun ƙi kwantuwa. Sai da na sa wuƙa."

Ni ma na yi nawa. Jiya da rana ina ninke kayan Baba, sai na ga kowace riga da maɓalli a ɗinke ta cikin wuya, inda ba ya ɓalle komai. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Na nuna wa Yaya, ta girgiza kai ta ce, "Tsufa ke nan. Ashe Mama ta fara rikicewa ba mu sani ba." Maganar ta yi mini zafi, amma na ɗauko almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire, don kada su riƙa gurje masa wuya.

Abu ɗaya na ware wa kaina a duk kayan: awarwaron Mama, guda shida na ƙarfe, marasa tsada, masu ƙara. Shekara uku da suka wuce ta fara sa su da tsufanta, muka riƙa tsokanarta muna ce mata amarya. Na ciro su daga aljihu na zura a hannu.

"Don Allah cire," in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙararsu na hawa mini kai."

Na san ba kanta ƙarar ke hawa ba. Tun ranar da Mama ta rasu Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, in abin ya taso mata sai ta nemi abin wankewa. Ban cire ba.

*

Bayan la'asar muka ji tsayuwar motar Kawu, sannan muryar Baba daga waje.

"Ka wuce abinka kada ka makara. Gidana ne, ba sai an raka ni ba."

Ya turo ƙofa ya yi sallama. Dogo ne Baba, tsohon hedimasta, bai taɓa tafiya a sunkuye ba. Tabarau a ido, jaka a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida kai tsaye har ƙofar falo, ya cire takalma.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Yaya.

"Yawwa, Duba-gari. Likita ta fita ne?"

Ina tsaye a gabansa, taku uku tsakaninmu. Na ɗauka tsokana ce irin tasa.

"Ga ni, Baba."

"To, madalla."

Ya sa ƙafa ɗaya a falon ya tsaya. Ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa.

"Agogon ya tsaya ne?"

"Mun fitar da shi," Yaya ta ce da fara'arta. "Shekara nawa yana mana ƙarya, ƙarfe biyu ya ce tara, ga ƙas-ƙas ɗinsa ya hana mutum barci. Ga sabo can na sayo maka, ko motsinsa ba za ka ji ba. Ka gan shi?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofar da ke fita baranda, inda tsohon yake.

"Ya yi kyau," ya ce.

Babu komai a wurin sai ƙusa. Sabon agogon yana bangon da ke bayansa.

Ban yarda da abin da zuciyata ta raya mini ba. Na bi ƙafarsa da kallo. Yatsunsa suna shafa tayil, dama, hagu, suna neman abu. Ba su samu ba. Ya gyara tsayuwa, ya miƙe kafaɗa, ya taka kamar yadda ya saba.

Teburin gilashi da shekara da shekaru yake manne da bango, ɗazu Yaya ta jawo shi tsakiyar falo ta ɗora masa tulun furanni.

Da ƙaurinsa ya same shi. Tulun ya kife, ya tarwatse, ruwa ya malale. Baba ya yi taga-taga ya dafa hannun kujera.

"Subhanallahi, Baba, ba ka gani ba?"

"Ba komai. Tunani ne ya yi mini yawa." Ya ajiye jakar a ƙasa. "Bari in zaga."

Jini na bin ƙafar wandonsa, bai ko duba ba. Ya lallaɓa da bayan kujera har ya samu bango, ya bi bangon har ya samu ƙofa, ya fita baranda. Yaya ta durƙusa tana tsince gilashi tana mita ƙasa-ƙasa. Ni na bi shi.

A bakin ƙofar ya tsaya, ya ɗaga hannun dama daidai kafaɗa, ya damƙi iska.

Ya buɗe hannun, ya matsa gaba kaɗan, ya sake damƙa.

Ya yi taku biyu da hannun a sama, ya juya, ya yi uku, sai ga shi yana fuskantar bangon kicin. Banɗaki yana can ɗaya ɓangaren. Ya tsaya cak, hannun har yanzu a sama, leɓensa na motsi yana ƙirga wani abu.

Na dafe awarwaron da hannun hagu don kada su yi ƙara, na zagaya gabansa a hankali. Shekara goma sha ɗaya ina aikin asibiti, na yi wa mutane da yawa wannan gwajin, ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi irin na yau ba. Na ɗaga tafina daidai fuskarsa na kaɗa.

Ko ƙiftawa bai yi ba.

Na sake kaɗawa, sai awarwaron suka suɓuce suka yi ƙara.

Ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Mutuniyar?"

Haka yake kiran Mama. Bai kai ga rufe baki ba ya tuna. Na ga fara'ar ta sauka daga fuskarsa, ya sauke hannun a hankali.

"Ni ce, Baba."

"Na sani." Wannan karon muryar ba ta hedimasta ba ce. "Kai ni banɗaki, Likita. Tun asuba nake riƙe."

Na kama hannunsa. Mutumin da ya koya mini tsallaka titi na ja har ƙofar banɗakin gidansa, na ɗora tafinsa a kan mariƙin ƙofa. Da na waiwayo, Yaya na tsaye a ƙofar falo da fasasshen gilashi a hannu. Ta ga komai.

*

Na zaunar da shi a kujerarsa, na naɗe ƙafar wandon, ina wanke ciwon. Gara in ba hannuna aiki, in ba haka ba kuka zan yi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Idon hagu shekara biyar. Na dama uku. In rana ta take ina bambance haske da duhu, shi ke nan."

"Kun je asibiti?"

"Mamanku ta kai ni wurare uku. Sun ce ciwon sukarina ne ya cinye jijiyar idon, an makara."

"Shekara uku." Yaya ce, tana tsaye, ta ƙi zama. "Shekara uku muna zuwa muna tafiya, kuna mana wasan kwaikwayo. Jaridar da nake tarar da kai kana karantawa fa?"

"Ita ke karanta mini da safe. In an yi baƙi sai in riƙe."

"Ranar da na zo da sabon mayafi ka ce jan ya yi mini kyau."

"Kina sallama ta ce, ga Duba-gari ta shigo da jan mayafi. Ba ki ji ba?"

Na ji, ni kam. Duk mun ji. A 'yan shekarun nan Mama ta koma faɗin duk abin da ido ke gani. Ga Likita ta zauna a hagunka, Malam. Ga ruwa a damanka, kofin ya cika. Har muka sa mata suna rediyo mai jini, muna dariya, ita ma tana taya mu.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?" in ji Yaya. "Mu ba 'ya'yanku ba ne? Ga nas a gida, a ce ubanta ya makance ba ta sani ba?"

Wannan ta same ni.

"Kada ki ɗora mata," in ji Baba. "Ba laifinku ba ne. Kuna zuwa ku kwana biyu, aiki na kiranku a waya. Mai sauri ba shi da wuyar ɓoye wa abu."

Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Na tambaye ka me ya sa, Baba."

"Da na faɗa, me za ki yi?"

"In kwashe ku ku koma wurina mana."

"To kin ji dalili."



"Bene hawa uku," Baba ya ci gaba. "Ku fita da safe ku kulle ni da mai aiki. A kai ni, a kawo ni, a ba ni a baki. Ni na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta yi kuka, ta ce in dai haka ne sai ta gyara mini gidan."

Ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya shafa tayil.

"Mai kaushin nan, daga ƙofa yake zuwa kujerata. Mai laushi ya kai ni ɗaki. Agogo kuwa ba don lokaci ta bar shi ba, ƙofa yake gaya mini. Duk inda nake a falon nan, in na ji shi na san ina ne gabas. Igiyar baranda, ƙulli ɗaya kicin, biyu famfo, uku banɗaki."

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin da ta goge sau uku.

"Maɓallan wuyan riga fa?" na tambaya.

"Ɗaya fara, biyu shuɗiya, uku ruwan ƙasa. Don kada in fita da riga daban wando daban a yi mini dariya." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Su ma?"

"Na cire, Baba. Na ɗauka suna gurje maka wuya."

Ya gyaɗa kai kawai.

"Wata takwas ta yi tana aikin nan," ya ce. "Sai ta ɗaure idonta da ɗankwali ta bi gidan, ta ji inda za ta yi karo, ta gyara. Kin tuna lokacin da kika zo kika ga ƙaurinta duk tabo?"

Na tuna. Ta ce mini santsin banɗaki ne. Na rubuta mata man shafawa, na yi mata faɗa a kan ta riƙa sa takalmi, na koma bakin aikina ina ganin na yi abin kirki. Rashin sani ya fi dare duhu.

"Da jikinta ya fara ƙi, sai ta daina riƙe ni. Ta zauna a nan ta ce in je kicin in dawo ni kaɗai, in je famfo in dawo. In na yi kuskure ta ce sake. Ta fi ni iya hedimasta." Ya ɗan yi murmushi. "Ana saura kwana uku a kwantar da ita a asibiti ta ce, Malam, in na riga ka kada ka ji tsoro, gidan zai riƙe ka. Kuma ya riƙe ni. Kwana goma sha ɗaya gidan nan cike da mutane, wa ya gane?"

Babu wanda ya gane. In mun ga ya dafa bango sai mu ce baƙin ciki ne.

Yaya ta rarumo wayarta. Sai da ta kuskure lambar sau biyu.

"Malam, mai motar ɗazu? Don Allah kayan nan, kafet da igiya da wani tsohon agogo... A'a, ba tufafin ba, tarkacen." Ta yi shiru tana saurare. "Tun yaushe? Ba za a iya dubawa ba? Ko agogon kaɗai."

Ta sauke wayar a cinya.

"Ya ce tun ɗazu suka juye a juji. Masu tsince-tsince sun kwashi na kwasa, sauran an sa wuta."

Garin neman gira mun rasa ido, kuma ba namu idon ba.

"Za mu sayo wata igiyar," na ce. "Gobe da safe. Da kafet, da agogo mai ƙara. Ka gaya mana yadda suke mu mayar."

"In gaya muku me? Ban taɓa ganinsu ba, Likita. Ƙafata ce ta sani, da hannuna. Ki tambaye ni taku nawa ne daga nan zuwa ɗaki, ban sani ba, na dai san in mai kaushi ya ƙare sai in juya." Ya share goshi da hannun riga. "Ita wata takwas ta yi, tana kwana tana tashi da ni. Ke kwana nawa gare ki?"

"Huɗu."

"To."

"Zan nemi ƙari."

"Su ba ki mako. Sannan fa?"

Duk abin da na sani na aiki, allura, ɗaurin ciwo, lallashin majinyaci, babu wanda ke mayar da igiya inda take.

Yaya ta share fuska da bayan hannu. Na ga ta miƙe zaune, na san Duba-gari ta dawo, don ita ba ta iya zama da matsala ba tare da ta yanke mata hukunci ba.

"Shi ke nan, Baba. Aikin gama ya gama. Jibi za ka bi ni. Ba zan bar ka kai kaɗai a haka ba."

"Ba zan je ba."

"Wa zai kula da kai?"

"Wa ya kula da ni makon jiya?"

"Baba, ka ga fa yadda ka yi karo yanzu."

"Da teburin da kika jawo."

Ta yi kamar an mare ta.

"Na yi ne don ka ji daɗi," ta ce, sai kukan da ta riƙe kwana goma sha biyu ya ƙwace. "Wallahi don ka ji daɗi na yi. Na ce kada ka riƙa ganin kayanta kana..."

Ta kasa ƙarasawa, don ita ma ta ji abin da ta faɗa.

"Na sani, 'yata. Zo nan."

Ta ja gwiwa ta matso. Ya laluba har ya samu kanta, ya dafa.

"Ki fahimce ni. A gidanki makaho ne ni. A nan ina gani." Ya shafa kanta. "Ina gani, har jiya."

A lokacin na lura da hannun da ke kan Yaya. Rawa yake yi. Na ɗaga ido, gumi ya jiƙe masa wuyan riga sharkaf, ga fanka na juyawa a kanmu. Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau.

Sai na tuna jakar.

Jiya da asuba, ina haɗa masa kayan tafiya, na ɗauko robobin maganinsa guda uku. Kowace an naɗe ta da robar ɗaure kuɗi, wata ɗaya, wata biyu, wata uku, duk sun yi baƙi sun yi danƙo. Na yi tsaki na ce wannan wane irin ajiyar magani ne a gidan su nas. Na cire su tas, na goge robobin, na manna farar takarda, na rubuta da manyan baƙaƙe yadda tsoho zai gani daga nesa: SAFE. RANA. DARE. Har na ɗauki hoto na tura wa abokiyar aikina.

"Baba," na ce, ina ƙoƙarin kada muryata ta nuna komai. "Maganinka. Yaya ka yi ka sha a gidan Kawu?"

"Na laluba ban ji robar ɗaurin ba."

"Sai ka yi yaya?"

"Mamanku ta ce kada in taɓa tsallake magani. Sai na riƙa shan ɗaya-ɗaya daga kowace."

"Sau nawa?"

"Duk lokacin shan magani. Jiya uku. Yau da safe, da kuma ɗazu kafin mu taso."

Ɗaya daga cikin ukun na sauke sukari ne, mai ƙarfi, sau ɗaya ake shan sa a yini, kuma sai an ci abinci.

"Me ka ci?"

"Matar Kawunku ta kawo, Allah ya saka mata. Kwanuka da yawa. Ta zauna tana mini hira, ban san ina cokali yake ba, ban san wane kwano ne a gabana ba." Maganar ta fara jan ƙafa a bakinsa. "Na ce mata... na ce na ƙoshi."

"Tun jiya?"

Kansa ya ɗan langaɓe gefe.

Na cusa hannu a aljihun rigarsa. Mama ba ta taɓa barin aljihun Baba babu alawa uku ba, kuma na san dalili, ni na koya mata. Amma wannan rigar ni na sa ta a jaka jiya. Na tarar da alawar ta narke ta manne, tururuwa na bi, na zazzage na zubar, na ce zan sayo sababbi in mun gama aiki.

Aljihun wayam. Na duba ɗayan, shi ma haka.

"Yaya, sukari. Jiƙa sukari a ruwa ki kawo, yi sauri."

Yaya ta ɗago, fuskarta jage-jage da hawaye. Ba ta tashi ba.

"Yaya, ba ki ji ni ba? Sukarinsa ne ya faɗi."

"Babu," ta ce.

"Kamar yaya babu? Gwangwanin da ke saman kanta fa? Zumar fa?"

"Na bayar. Duk kayan kicin ɗin na sa a mota, na ce gobe in sayo masa waɗanda suka dace da shi." Ta dafe baki. "Na ce mai ciwon sukari me zai yi da sukari a gida."

Na tallabo kan Baba da hannu biyu, awarwaron suka zubo zuwa gwiwar hannuna suna ƙara. Sai na ji yatsunsa masu sanyi sun lalubo su, sun riƙe gam.

"Mutuniyar," ya ce a hankali, yana murmushi. "Kin dawo. Yaran nan sun kwance mana igiya. Kada ki yi musu faɗa, ba su sani ba. Riƙe ni ki kai ni ɗaki."

Nauyinsa gaba ɗaya ya sauko a kafaɗata.

"Baba."

Na girgiza shi.

"Baba."

Yatsunsa suka saki awarwaron.